Shekara Huɗu Tana Barci a Zaune

Buhun gero biyu aka jingina a kusurwar ɗakin, aka lulluɓe su da bargo, aka ɗora filo uku a kai. Wannan shi ne gadon Yaya a shekarunta na ƙarshe. Gadon ƙarfen da aka kai ta gidan miji da shi yana nan a gefe an jera masa kwanuka, domin tun ƙarshen 2017 ba ta sake miƙe bayanta a kansa ba. Da zarar ta kwanta rigingine sai numfashi ya sarƙe, ta zabura ta dafa bango tana haki kamar wadda aka danna kanta cikin kogi.

Mu 'yan Nguru ne. Kakanmu ya biyo jirgin ƙasa daga Kano bayan dogo ya iso garin a 1930, ya zauna yana sayen gyaɗa da fata. Yaya ce 'yar fari, ni ce auta. Aure ya kai ta Kumagannam, a ƙaramar hukumar Yusufari, ƙasar Mangawa, inda in iska ta taso sai ka tauna rairayi a cikin tuwo. Mijinta, Malam muke ce masa, yana sayen ƙaro da kanwa a hannun mutanen ƙauye ya kai Nguru. Ni kuma a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gashuwa.

Ciwon ya biyo bayan haihuwarta ta shida. Inna ta je ta yi mata wankan jego kamar yadda ta yi mata sau biyar a baya: tukunya tana tafasa safe da yamma, a tsoma ganyen darbejiya a fyaɗa a jiki, a bi da kunun kanwa mai kauri. Kanwa kuwa ba abin nema ba ce a gidan, buhunanta ne jibge a zaure. Ba a kai arba'in ba ƙafafun Yaya suka kumbura, in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Aka ƙara. Ranar da na je na tarar da ita zaune a bakin ƙofa, sai da ta huta sau biyu kafin ta gama amsa gaisuwata.

A Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru aka yi mata allurar sa fitsari, cikin kwana uku ta sace kamar an huda salka. Daga nan aka tura mu Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a ɗauki hoton zuciya. Da likitan ya ji daga inda muka fito, sai ya yi mana misali da injin ban-ruwa na fadama. Ya ce lafiyayyar zuciya takan tura fiye da rabin jinin da ya cika ta a kowane bugu, ta Yaya kuwa ta saki ta yi faɗi, da kyar take tura kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da inji ya kasa ja kuwa baya yake komawa. Shi ne ruwan da ke taruwa a huhu da hanta da ƙafafu, in ta kwanta na ƙafafun ya gangaro ƙirji. Ya kuma kalli Malam ya ce wani cikin zai iya zama ajalinta. Malam ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, bai kuwa taɓa saɓawa ba.

Ciwon nan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun bibiyi mata sama da 200 masu irinsa, suka ga a Zariya kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu tana kamuwa. Suka zargi kanwa da zafin jego, domin gishirin kanwa yana riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa suka yi daga baya a Kano ya nuna maganar ta fi haka faɗi: akwai hawan jini, akwai talauci, akwai ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom a jinin mata da yawa. Saboda Inna na kawo wannan. Tun da ta ji an ambaci kanwa ta ɗauki laifin ta aza a kanta. Na sha gaya mata cewa dubban mata sun sha kunun nan ba abin da ya same su, ita da kanta sau tara ta sha. Sai ta kau da kai. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba saboda kunyar 'yar fari, “waccan” take ce mata, ko “uwar yaran nan”. Ko a cikin ciwon, in da mutane a ɗakin, a bakin ƙofa take tsayawa ta ce, “Ya mai jiki?” kamar maƙwabciya.

Wasu matan zuciyarsu takan dawo daidai cikin wata shida ko shekara. Ta Yaya ba ta dawo ba. Cikin shekara biyu sau bakwai muka kwanta a asibiti. Kowane zuwa a janye ruwan, ta dawo gida da ƙafarta, ta shiga madafi, mata su zo barka suna cewa ta warke. Bayan wata biyu ko uku a sake neman mota cikin dare. Abin ya zama kamar guga mai huji, yana sauka yana hawowa, amma kowace hawowa ruwan da ke ciki bai kai na baya ba. Wannan hawa da saukar ita ke rufe wa dangi ido. Mai ciwon daji ana ganin yana ta yin ƙasa, a shirya. Mai ciwon zuciya kuwa jiya ta yi tankaɗe, wa zai kawo maganar mutuwa? Likitoci sun san kusan rabin masu gazawar zuciya ba sa wuce shekara biyar daga ranar da aka gano ciwon. Mu ba mu sani ba, ba mu kuma tambaya ba. Malam ya sayar da shanun amalankensa, ya bi da gona ɗaya.

A tsakanin nan mun yi kurakuran da har yau suke ci mini rai. Ta yi ciwon baya, wani mai kemis ya ba ta diklofenak, cikin mako guda ta kumbura har fuska, ashe irin waɗannan magungunan ciwon jiki suna hana ƙoda fitar da gishiri da ruwa. Wata rana kuma aka kira wanzami ya yi mata ƙaho a ƙafa don ya zuƙe kumburin. Wata uku wurin yana tsiyayar ruwa bai rufe ba.

A farkon 2019 ne, a wata kwanciya a Nguru, wata dattijuwar nas da ke aikin dare ta yafito ni zuwa baranda.

“Ke ce ƙanwarta?”

“Ni ce, Hajiya.”

“'Yata, akwai wanda ya taɓa zaunar da ku ya gaya muku inda ciwon nan ya dosa?”

Na ce babu. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Rai na Allah ne, ba ni da ranar kowa a hannuna. Amma zuciyar nan ba za ta koma yadda take ba. In kin ji haka kada ki ce magana ta ƙare. Akwai aiki mai yawa, kuma yawancinsa a ɗakinta za a yi shi, ba a nan ba.”

Na yi kuka a barandar nan har na gode Allah. Amma a daren ne karon farko da na ji ƙasa a ƙarƙashin ƙafata. Ta karɓi katin asibiti ta juya bayansa ta yi ta rubutu tana yi mini bayani. Ta ce abin da take koya mini fanni ne mai zaman kansa a aikin likita, jinyar sassauci, wato kula da wanda ciwonsa ba ya warkewa don ya rayu da sauƙi iyakar kwanan da Allah ya ba shi. Ta ja kunnena cewa ba a daina maganin zuciya. A wannan ciwon, ƙwayar sa fitsari ita ce babban maganin haki.

Abu na farko sikeli. Malam ya shigo da sikelin da yake auna ƙaro daga zaure, aka ajiye shi a bayan ƙofar ɗakinta. Kowace safiya bayan ta kama ruwa, kafin ta karya, sai ta hau, babban ɗanta ya rubuta a littafin makaranta. In nauyi ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku, ruwa ne ke taruwa tun kafin ido ya gani, sai a kira likita a waya ya ce a ƙara ƙwaya, ko malamin asibitin garin ya zo gida ya yi mata allura. Wannan littafin ya hana mu tafiyar dare ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ƙwayar fitsarin kuma aka mayar da ita safiya da azahar, domin da can da dare take sha, ta kwana tana zarya zuwa bayan gida tana haki. Aka saka bokiti mai murfi a bayan labule.

Sai ruwa. Wanda bai yi bazara a arewacin Yobe ba ba zai gane nauyin a ce wa mutum ya taƙaita shan ruwa a watan Afrilu ba. Gora ɗaya ta lita ɗaya da rabi aka ware mata a yini, a kwanakin tsananin zafi likita yakan ce a ɗan ƙara. Muna jiƙa tsumma a randa mu goga mata a leɓe, mu ba ta ɓarin lemon tsami ta tsotsa, in an samu mai zuwa daga Nguru ya taho da ƙanƙara a kula, a farfasa ta riƙa sa ƙwaya ɗaya a baki. Inna tana aiko da rubutu cikin galan. Na tambayi Hajiya nas ko a hana, ta ce, “A kan me? Ki auna shi cikin gorar nan kawai. Abin da ya kwantar mata da hankali magani ne.” Ban taɓa mantawa da wannan amsar ba. Da ta ce a hana, da Inna ta juya wa duk sauran abin da ke bayan katin baya.

Girki kuwa abokiyar zamanta ce ta ɗauka. Ita ce amarya, yarinya ce ƙarama, kuma ba zan ce da can suna shan inuwa ɗaya ba. Amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ita ta goyi jaririn, ita ta yaye shi. Ta ware wata ƙaramar tukunya ta Yaya ita kaɗai: ba gishiri, ba dunƙule, ba kanwa ko a wake. Kwanakin farko Yaya ta ture kwanon ta ce ruwan wanki aka kawo mata. Amarya ba ta yi fushi ba, ta dinga gwadawa da tafarnuwa da citta da albasa da bandar kifin Nguru har miyar kukar ta yi ɗanɗano. Takan durƙusa ta ce, “Yaya, ko loma uku ce ki daure.” Da cin abinci ya ragu sosai, aka koma kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, domin cikin da ya cika yakan tokare numfashi.

Mafici ne abin da ya fi ba ni mamaki. Hajiya ta ce in haki ya taso, kada a taru a kanta ana salati da ƙarfi, tsoro yana ƙara haki, haki yana ƙara tsoro. Mutum ɗaya ya zauna a gabanta, a buɗe taga, a zaunar da ita ta ɗan sunkuyo ta ɗora hannuwa a kan filo, a riƙa yi mata fifita a fuska daidai hanci da kumatu. Iska mai motsi a fuska tana rage jin shaƙewa, likitoci sun gwada sun tabbatar. Na yi zaton lallashi ne kawai har sai da na gani da idona. Mun sayi fanka mai caji daga baya, amma Yaya ta fi son maficin kaba, ta ce shi da mutum yake zuwa. Duk ranar Juma'a in an tashi makaranta nakan shiga mota daga Gashuwa, in karɓi amarya kwana biyu. Ina fifita, ina shafa mata man kaɗe a dugadugai da mazaunai don kada zama ya ja mata gyambo, muna hirar gidanmu na Nguru da jirgin da muke fita kallo muna yara.

Azumin 2019 ya faɗo a watan Mayu, tsakiyar zafi. Ta dage sai ta yi. Ba maganar likita ce ta sauko da ita ba, limamin unguwarsu ne. Ya zo ya tsaya daga zaure ya ce a gaya mata mai ciwon da ba a sa ran warkewarsa ciyarwa ce a kansa, ba ramuwa. Kowace yamma ita da kanta take auna geron da hannunta ta aika. Salla kuwa a zaune take yi, in sanyi ya yi yawa ta yi taimama. Na lura ranar da ta samu wannan fatawar ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

A shekara ta uku haki ya kai inda mafici da ƙwayar fitsari ba sa isa. Wani likita a Kano ya rubuta mata mofin na ruwa, ɗan kaɗan da ake aunawa da sirinji a ɗiga a baki. Gidan ya ɗauki zafi. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, kowa kuma yana ganin abin da taramol ya mayar da samari, sai wani ƙanin Malam ya ce ba za a mayar da matar wansa 'yar ƙwaya ba. Na zauna na yi masa bayani yadda aka yi mini: awon kaɗan ne, likita ne ya ƙayyade, ya ma rage shi saboda ƙodarta ta fara rauni, kuma ana haɗawa da maganin sakin ciki domin yana ɗaure bayan gida. Dare na farko da ta sha, ta yi awa huɗu tana barci ba ta zabura ba. Da safe shi da kansa ya zo ya tambaya ko kwalbar za ta kai wata.

Samun kwalbar nan kuwa sai an je Kano, yini guda a hanya. A nan ne raina yake ɓaci. Tun 1967 Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a kan cewa ciwon mai doguwar jinya ba a jiki kaɗai yake ba, yana cikin tunaninsa da iyalinsa da imaninsa. A 1993 wata likita da ta taɓa aiki a Najeriya, Anne Merriman, ta fara irin wannan aiki a Yuganda da mofin na ruwa mai arha, har a 2004 ƙasar ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi, suna bin marasa lafiya gida-gida. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe nasa sashen a 2007, a 2014 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa wannan kulawa haƙƙi ce da ya kamata ta sauko har ƙananan asibitoci. Mu kuwa sai da muka yi fiye da shekara muna lalube, kafin Allah ya haɗa mu da dattijuwa ɗaya a baranda. A Gashuwa, inda ciwon ƙoda ya shiga gidaje da yawa, na ga iyalai suna irin laluben da muka yi. Abin da ke bayan katin nan bai fi a koya wa malamin asibitin ƙauye cikin mako ɗaya ba.

A shekarar korona, bayan wata kwanciya ta kwana goma sha biyu, muna dawowa mota ta kafe a rairayi, muka yi awa biyu a rana Yaya tana jingine a jikina. Da daddare ta kira ni.

“Auta, ki gaya wa Malam kada a sake fita da ni.”

Na ce, “Haba Yaya, ai za ki ji sauƙi.”

Ta ce, “Ke ma kin san gaskiya, ni ma na sani. Kowa yana ɓoye mini, ni ma ina ɓoye muku. Na gaji da ɓoyon.”

Sai a lokacin na gane cewa duk shawarar da muka yanke a kanta tun 2017, a tsakar gida muka yanke ta, ba wanda ya taɓa shiga ɗaki ya tambaye ta. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake yoyo. Malam ya fi kowa shan wuya da maganar. Ya ce mini, “Malama, mutane za su ce na gaji da kashe kuɗi.” Tsoron nan na gaske ne, ya sa an sha jigilar marasa lafiya a hanya ba don su ba, don bakin duniya. Sai da aka zauna da Inna da liman da ƙannensa, Yaya ta maimaita maganarta da bakinta a gabansu. Likitan ma da aka kira ya ce babu abin da ya rage a asibiti wanda ba za a iya yi mata a gida ba, a ci gaba da magani, malamin asibiti ya riƙa leƙowa.

Bayan wannan zaman ta yi wata goma sha biyar. Ta kira matan da take adashe da su aka lissafa abin da ke kanta, aka biya. Ta raba awakinta tsakanin 'ya'yanta, ta ba babbar 'yarta 'yan kunnenta. Ta aika aka kira wata maƙwabciya da suka yi shekara shida ba sa magana, suka yafi juna. Ta kama hannun autanta ta sa a hannun amarya ta ce, “Ɗanki ne tun da can, yau dai na faɗa a gaban shaidu.” Ta ga saukar Alƙur'anin ɗanta na biyu, aka fito da ita tsakar gida a kan kujera ta sha kallo.

A hunturun ƙarshen 2021 fitsari ya ragu, ƙwaya ta daina aiki, barci ya yi yawa. Aka daina sikeli, aka daina auna ruwa, abin da ta nema a ba ta. Ta ce tana marmarin miya mai gishiri, amarya ta kalle ni, na ce a sa mata. Loma biyu ta ci.

Daren ƙarshe hazo ya rufe gari. Ɗakin cike yake, Malam yana karatu a hankali daga bakin ƙofa, ni ina fifita tun magariba har hannuna ya sage. Sai na ji an zare maficin daga hannuna. Inna ce. Ta ratsa mutane ta zauna a kan tabarma, ta janye filon ta jingina Yaya a ƙirjinta, a gaban suruki da jikoki da kowa. Tana fifita tana laƙƙana mata kalmar shahada a kunne. Can wajen asuba na ji ta kira ta da sunanta na yanka, sau biyu, a hankali. Yaya ta buɗe ido ta ce, “Na'am, Inna.”

Ba a idar da sallar asuba ba ta cika.